Bajimin Kawu Aisami

Ni na ramar da bajimin Kawu Aisami. Da hannuna na yi, tsakanin azahar da la'asar, ina zaune a kan tabarma a tsakar gidanmu na Gure da ordinater, wato kwamfuta, a kan cinyata. Sa ne da Kawu ya yi wata goma sha huɗu yana turkarsa, yana auna masa dusa da kanwa kamar mai jinyar uwarsa, ni kuwa a zama ɗaya na fito masa da haƙarƙarinsa waje. A ranar har tafa wa kaina na yi.

Sunana Rumasa'u. Na yi shekara uku a jami'a a Damagaram ina karatun sadarwa, don tun ina lise, makarantar sakandare, ba abin da nake so irin in ga abin da na ƙirƙira da kaina manne a bango, mutane suna tsayawa suna kallo. Da na gama sai na dawo gida na zauna. Shekara biyu cur ina haɗa katin biki da katin suna da allon shago. Ki ɓata yini kina daidaita launi, mai shagon ya zo ya leƙa ya ce a ƙara masa jirgi a sama da zaki a ƙasa. Mutum yana sayar da taliya da sabulu, me ya haɗa shi da zaki? Haka zan cije leɓe in sa masa zakin, in ƙara masa har da furanni.

Kamfanonin talla kusan duk a Yamai suke, can ƙarshen ƙasa. Na aika wa ashirin da ɗaya takardar neman aiki. Ɗaya ne ya amsa, wani ƙaramin kamfani, ta bakin shugaban masu zanensu, Mushe Fadilu, wato Malam Fadilu da bakin Faransanci. Har yau ban taɓa ganinsa ido da ido ba. Muryarsa kawai na sani, sai hotonsa na waya sanye da baƙin tabarau. Ya ce za su gwada ni wata uku, istaj, daga gida, ba albashi. In na yi abin kirki, su ba ni kontara, takardar ɗauka aiki, da tebur a birosu, ofishinsu na Yamai. Na sa hannu a takardar da ya turo ban ma karanta ta har ƙarshe ba. Wannan teburin shi ne duk abin da nake nema a duniya.

Wata biyun farko na sha wuya, wallahi. Zai turo saƙo da safe, ya ce suna son tallar madara ko ta sabulun wanki, in kawo tunani goma kafin yamma. In zauna in matse kaina, wuta ta ɗauke, in kwashi ordinater in tafi shagon caji. In na gama, rezo, wato sabis ɗin waya, ya ƙi, in haye tudun yashin bayan gidanmu in ɗaga waya sama, mata masu dawowa daga rijiya suna kallona suna ƙus-ƙus. Bayan duk wannan amsarsa kalma biyu ce: a sake. Ba ya faɗin abin da ya ɓaci. A sake kawai. Na yi sakewa har na fara tsanar launin shuɗi, ban san me shuɗi ya yi mini ba.

A farkon wata na uku aiki ya zo daga wani mai shigo da maganin tsutsar cikin dabbobi. Mushe Fadilu ya kira ni da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce hotunan da suke samu duk na shanun Turai ne, masu baƙi da fari a kan koriyar ciyawa, ba makiyayin da zai kalle su ya ga nasa. Suna son sa na gaske, na ƙasar nan.

Na ce, "Mushe, ai a gidanmu yake."

Kawu Aisami yayan Innata ne. Gidansa yana bakin gari, ta hanyar Gidigir. A gida Barbarci yake yi, a kasuwa Hausa. Shekara talatin yana turka, ya sayi sa madaidaici ya ɗaure shi ya ciyar da shi har ya zama abin kallo. Ba shi da shanu da yawa, ba su taɓa wuce biyar ba, amma a kara, wato kasuwar shanu, in aka ce na Aisami ne, mai saye ba ya ko buɗe bakin san ya duba haƙora. Kowa ya san shaidarsa: tsaga biyu a kunnen hagu, da tambarin wuta a cinya mai kama da sawun hankaka, wanda ya gada wurin mahaifinsa.

Da na gaya masa hoton bajiminsa zai zaga ƙasar nan, Allah sarki, sai da ya wanke san da sabulu, ya shafe ƙahonnin da mai. Ya shiga ɗaka ya sanyo rigarsa ta Juma'a, alhali na gaya masa shi ba zai fito a hoton ba. Ja ne bajimin, doro ya kwanta gefe ɗaya don nauyi, fata tana sheƙi. Na ɗauki hoto ya fi hamsin, Kawu yana tsaye daga gefe yana yi masa magana a hankali da Barbarci don ya tsaya cak.

Mushe Fadilu ya gani ya ce, "Wannan ya yi. Amma rabin aiki ne. Afish ɗin, hoton tallar da za a manna a bango, gida biyu ne, kafin magani da bayan magani. Nemo mini mai ciwo, ramamme, mai irin wannan launin."

Kwana biyu ina yawo. Na je bakin rijiyar shanu, na je gidajen da na ji an ce akwai dabba kwance. Ba wanda ya bar ni na ɗaga waya. Wani tsoho ma da sanda ya nuna mini hanya, ya ce in je in ɗauki hoton ubana in yana ciwo. Na dawo ina zage-zage a zuci, ina cewa mutanen nan ba su waye ba. Da ina da hankali, da a nan na tsaya na tambayi kaina dalilinsu. Ban tsaya ba, don kwanakina suna ƙarewa.

Sai na buɗe hoton bajimin Kawu a ordinater. Na shanye masa doro, na lotsa masa kwiɓi, na zana haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya har da inuwarsu. Na dusashe jan fatar ta koma kamar tsohon buzu. Na zurma idon, na sa masa ɗan ruwa yana zuba, na sauke kan ƙasa. Har ƙudaje uku na ɗora masa a gefen hanci. Ba yabon kai ba, aiki ne na gaske, ban taɓa yin irinsa ba.

Na ga tambarin cinyar. Ba zan ce ban gani ba. Na ma fara goge shi, sai na fasa, na tura haka don in ji ta bakinsa tukuna.

Minti biyar ba a yi ba ya kira. "Madalla, Madmazel! Yau kika fara aiki."

Na ce, "Mushe, akwai shaida a cinyarsa da kunnensa, zan goge."

"Kar ki taɓa! Ita ce gishirin hoton. Ita za ta nuna sa ɗaya ne a gida biyun."

"A ina za a manna?"

"Duk inda ake sayar da dabba."

Wata biyu da kwana tara ina jiran kalmar madalla daga mutumin nan, ga ta ta zo, kuma in tsaya ina masa gardama a kan sawun hankaka? Na ce to. Da ya kashe wayar har hawaye na yi don daɗi, Innata Habsu tana tankaɗe tana tambayata wa ya mutu.

Bayan kwana goma sha biyu afish ya iso Gure. Ranar kasuwa ce, na hau kabu-kabu na ce a kai ni bakin kara. Ga shi nan a jikin bango, ya fi ƙofar ɗaki faɗi. A hagu ramammen, a dama mai ƙibar, kwalbar magani a tsakiya. Mutane sun fi ashirin a gabansa. Na tsaya daga baya na ja mayafi. Abin da na yi shekaru ina mafarki ke nan, aikina a bango, jama'a a tsaye.

Sai Baba Garbai, babban dillalin kara, ya ratsa su ya zo gaba. Bai kalli kwalbar ba, bai kalli rubutun ba. Ya ɗora bakin sandarsa a kunnen ramammen, ya gangaro da ita cinya.

"Tsaga biyu. Sawun hankaka. Na Aisami ne."

Wani mahauci ya ce, "Kai, Baba Garbai! San Aisami a haka?"

"Ga shi kana gani. Ni na zana shi?"

"To ashe wannan ƙibar ta magani ce. Kumburi ne. Ka yanka ka tarar da ruwa."

Wani daga gefe ya ce, "Ko a ɗora shi a mota, kafin a kai iyaka ya sace."

"Shekara talatin muna cewa hannu gare shi, ashe kwalba gare shi."

Aka yi dariya. Tsakanina da Baba Garbai bai fi taku biyar ba. In ce masa, Baba, haɗawa aka yi, ni na haɗa, shi ke nan. Ban ce ba. Na juya na nemi mai kabu-kabun da ya kawo ni.

Ranar Kawu ya kai bajimin kara, ya dawo da shi da yamma. Aka kai shi kasuwar Gidigir, can ma afish ya riga shi isa, aka dawo da shi. Ba wanda ya taya tayin da mutum zai iya maimaitawa. Na ji an ce Kawu ya tsaya a tsakiyar kara, gaban Baba Garbai da mahauta, ya rantse da Allah san nan bai taɓa kwanciya ba, kuma bai taɓa shan maganin kwalba ba, ban da allurar da ake yi wa shanun kowa. Wasu suka yarda da shi, don ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. Wasu suka nuna bango. Abin da ya fi ci masa rai, maƙwabtan da suke shayarwa a rijiya ɗaya suka aiko masa cewa ya riƙa kawo nasa bayan kowa ya tashi, kada ciwon ya bi ruwa.

Wata rana da hantsi Kawu ya zo gidanmu. Ya gaisa da Inna da Barbarci, suka daɗe suna magana ƙasa-ƙasa, sannan ya juyo gare ni da Hausa, don ya san Barbarcina bai da ƙarfi. Na durƙusa na gaishe shi, ina jiran faɗa. Da ma faɗan ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Ya ce, "Ruma, ina son in tambaye ki. Yaushe san nan ya yi wannan ciwon ban sani ba? Na yi ta tunani. Ko lokacin da na je ta'aziyya Bune ne, kwana shidan nan?"

Inna lillahi! Shi kansa ya fara zargin idonsa. Na ɗauko ordinater na zauna kusa da ƙafarsa, na buɗe aikin. Na danna, sa ya cika. Na danna, ya rame. Ya matso da fuskarsa dab da gilashin.

"Sake."

Na sake. Ya sa na yi sau huɗu. Sannan ya koma ya jingina da bango, ya cire hularsa ya shafa kai.

"To alhamdu lillahi, ba ni na yi sakaci ba. Ranar kasuwa ki zo da wannan abin kara, ki danna musu kamar yadda kika danna mini. Shi ke nan, magana ta ƙare."

Na ce, "To, Kawu."

Yana fita na haye tudu na kira Mushe Fadilu. Na gaya masa komai. Da farko dariya ya yi, ya ce shi bai taɓa jin inda ake gane saniya kamar yadda ake gane mutum ba. Da na ce zan je in nuna wa mutane yadda na haɗa hoton, dariyar ta tsaya.

"Madmazel, kin karanta takardar da kika sa wa hannu? Aikin na kamfani ne, ba naki ba. In mai maganin ya ji an tsaya a kasuwa ana cewa hotonsa ƙarya ne, ya janye, ke kuma kin gama, ba a nan kaɗai ba. Yamai ƙarama ce, duk mun san juna."

"Mushe, kawuna ne. Sunansa ne ya ɓaci."

"Saurara, ina da labari mai daɗi. A yankinku maganin ya fi tafiya. Mai shi yana son a ƙara da tallar rediyo, kuma yana son muryar mai san da kansa, ya faɗi sunansa, ya ce sana ya kwanta, wannan magani ya tashe shi. Sakan talatin. Tunda kawunki ne, ai ta zo da sauƙi. Kawo mini kafin Juma'a, ni kuma in ajiye kontararki a kan teburin patiron, mai kamfanin."

Na tsaya a kan tudun nan, waya a hannu, na zage shi tas, shi da tabaransa, amma bayan ya kashe. Ina gangarowa na zauna na rubuta kalmomin da Kawu zai faɗa. Na gaya wa kaina wai don in ga yadda za su kasance ne kawai. Na ninke takardar na jefa a jaka.

Kwana uku ban fita ba. Inna ta daina yi mini magana sai ta dole. Ran Alhamis da safe ta ajiye mini koko ta ce, "Yayana ya riƙe ni da ubanki ya rasu, ya kai ki lakwal karatun boko da ƙafarsa. Ban ce ki yi ba, ban ce ki bari ba. Amma ki je ki dube shi."

Na tarar da shi a turke yana murza ƴaƴan gawo a cikin dusa. Bajimin yana ci, lafiyarsa lau, bai san ana maganarsa a kasuwa biyu ba. Da niyyar in ce masa zan zo kara na fito daga gida, Allah ya sani. Amma da na durƙusa, sai bakina ya kwashe komai ya zuba masa: takardar da na sa wa hannu, barazanar Mushe Fadilu, tallar rediyo, teburin Yamai. Na yi kuka, kuma kukan na gaske ne. Sai dai zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na san Kawu. Na san abin da zai yi in ya ga ina kuka, kuma ban tsaya da maganar ba.

Ya ci gaba da murza dusar, sannan ya tambaye ni.

"In kin danna musu a kara, sun kore ki?"

"E, Kawu."

"In na yi maganar, sun ɗauke ki?"

"Haka ya ce."

"Ya rantse?"

"Su ba su rantsuwa, Kawu."

Ya karkaɗe hannuwansa, ya wanke su a bokiti, ya goge da gefen riga. Ya ce, "Ni na ci kasuwata, shekara talatin. Ke ba ki ma shimfiɗa taki ba. Me suke so in ce?"

Na zaro takardar daga jaka. Ya kalle ta, ya ga a ninke take tun daga gida, ya kalle ni. Wannan kallon har yau yana hana ni cin abinci in na tuna.

Ba ya karanta boko, don haka ni nake karanta masa layi-layi yana haddacewa. Muka shiga zaure saboda iska. Na kunna waya na kai ta kusa da bakinsa.

"Ni ne Aisami mai turka, na Gure. Sana ya kwanta, ya rame, har na fid da rai. Astagfirullah. Sai na ba shi..."

Na tsayar. "Kawu, ban da astagfirullah ɗin. Zai fito."

Muka sake. Ana tsakiya bajimin ya yi kuka daga turke, ya rufe sunan maganin. Muka sake na uku. Wannan ya fita daidai, ba kuskure, amma da na saurara sai na ji muryar a kwance take, kamar mai sanar da rasuwa. Na san abin da Mushe Fadilu zai ce, a sake. Sai na ji bakina yana cewa, "Kawu, ka ɗan sa farin ciki a muryar. Kamar kana ba abokinka labari mai daɗi."

Tir da ni. Ya gyara zama, ya yi gyaran murya, ya yi yadda na ce. Har ɗan murmushi ya sa a ƙarshe, ana jin sa a cikin maganar. Na huɗun shi ne mai kyau, shi na tura.

Bayan mako guda aka fara sakawa a rediyo, sau huɗu a yini, har da lokacin gaisuwar masu saurare da kowa yake kunnawa. Mai shayi ya ji, mahauta sun ji, Baba Garbai ya ji. Waɗanda suka tsaya wa Kawu, suka ce Aisami ba ya ƙarya, su suka fi kowa jin haushi. Mutumin da ya ɗaga hannu a tsakiyar kara ya rantse da Allah, ga shi da bakinsa yana cewa san ya kwanta, har yana murmushi. Da ana cewa shanunsa ne ke da ciwo, yanzu aka koma cewa rantsuwarsa ce ba ta da nauyi. Ya daina zuwa kara. Bajimin wani baƙon mahauci ya zo har gida ya ɗauka, a yadda ya ga dama. Har masallaci Kawu ya sauya, ya koma wani ƙarami na bayan unguwa inda ba dillalai.

Da wata ukuna suka cika har suka ɗan gota na kira Mushe Fadilu, bai ɗauka ba. Washegari ma haka. Na tura saƙo, na ga alamar ya karanta. A rana ta uku ya kira, da fara'arsa.

"Madmazel, aikinki ya burge kowa. Mai maganin ya ji daɗi ƙwarai. Sai dai patiron ya duba, ya ce a yanzu ba wurin sabon mutum. Akwai wani da ke nan Yamai, kusa da biro, shi za a riƙa kira in aiki ya taso. Kin san Gure da nisa."

Na ce, "Da nisa? Ba ta yi nisa ba da kuke neman sa! Ba ta yi nisa ba da kuke neman muryar tsoho! Ka ce in kawo kafin Juma'a, na kawo ran Alhamis!"

"Na ce zan ajiye a teburin patiron, kuma na ajiye. Ban rubuta miki komai ba. Ki kwantar da hankalinki, ki sa afish ɗin nan a cikin ayyukanki, zai buɗe miki ƙofofi."

"To ku cire tallar daga rediyo. Ku ciro afish ɗin. Wannan kaɗai nake roƙo."

"An riga an tsara wata shida. Ba a hannuna yake ba."

Na faɗa masa maganganun da ban san na iya ba, wannan karon yana ji. Ya bari na gama, ya ce Allah ya ba da sa'a. Kafin in sauko daga tudun an cire ni daga zauren ma'aikatansu na waya.

Na yi tunanin in ɗauki ordinater in tafi kara yanzu, tunda ba abin da ya rage a kore ni daga gare shi. Amma in danna musu me? Hoton zan iya mayarwa, sa ya cika a gabansu. Muryar fa? In na ce ƙarya ce aka sa shi ya faɗa, na tabbatar musu ke nan Aisami yana faɗin ƙarya in an sa shi. Ko ta ina na juya abin, shi yake ƙasa. Na gaya wa Inna. Ta zauna a bakin murhu ta rufe fuska da gefen zane, ba ta zage ni ba, ba ta kuma lallashe ni ba.

Bayan kwana biyu, da la'asar, Kawu ya yi sallama. Ya rame, rigar ta yi masa yawa a kafaɗa. Yana riƙe da sabuwar jakar tafiya, baƙa, mai taya, ledarta ma ba a cire ba. Ya ajiye ta a gabana ya zauna a kan tabarma.

"Na ƙirga, watanninki uku sun cika. Na ce kada ki shiga Yamai da buhu, su raina ki." Ya tura jakar da hannu don in ga tayoyin suna juyawa. "Akwai ɗan wani abokina a can, yana sayar da kanwa, zan ba ki lambarsa. In kin je ki riƙe salla, ki rage wannan bakin naki. Manya ba su son mai mayar da magana."

Inna tana tsaye a ƙofar madafa da ludayi a hannu, idonta a kaina. Daga gidan maƙwabta rediyo yana ta gaishe-gaishe, na san abin da zai biyo bayansu nan da ɗan lokaci.

Kawu ya ce, "Mutane suna ta magana, ni ko a jikina. Nakan ce a raina, ku yi ta yi, ƴata tana da tebur a Yamai. Yaushe ne tafiyar?"

Na kalli jakar. Na kalli hannuwansa, duk sun tsattsage da kanwa.

Na ce, "Ran Laraba, Kawu."

Ya ce, "Madalla. Zan zo da wuri in raka ki tasha."